Jan Ɗigo a Kan Rabin Dala

Arlen Voskuil ba ya shan giya, ba ya caca, taba ma ya bar ta tun kafin a haifi 'yarsa Corrine. Abu ɗaya ne ya kama shi ya ƙi sakinsa, wato farautar azurfa a cikin silalla. Yakan je banki ya karɓo kwalin silallan rabin dala, ya ɗauko shi da nishi kamar mai dakon bulo, ya dire a teburin kicin, ya yi ta warware ɗauri bayan ɗauri yana duban gefensu. Wanda aka ga jan layin tagulla a gefensa tarkace ne, sai a mayar wa banki. Wanda gefensa ya fito fari tas, shi ne tsohon bugu na zamanin da ake zuba azurfa, kuma darajarsa ta ninka abin da aka rubuta a jikinsa nesa ba kusa ba. Sai a zazzage kwali uku ba a ga ko ɗaya ba. Lokacin da Corrine take 'yar firamare ita ce mai taya shi dubawa, kuma idonta ya fi nasa. Da ta girma ta buɗe gidan burodinta, matarsa ta rasu, kamfanin takarda ya sallame shi da fansho, sai abin da yake yi jefi-jefi ya zama aikinsa na kowane mako.

Masu wannan farauta suna da ƙa'ida guda wadda ko sabon shiga ya sani: bankin da kake karɓowa, ba a nan kake mayarwa ba. Ka karɓo a wannan, ka juye a wancan, don kada ma'aikata su gaji da kai, kada kuma a sake miƙo maka abin da ka riga ka tace. Arlen yana karɓowa a bankin da ke kan babban titi, ya kai tarkacen bankin ƙetaren gada mai injin ƙirga silalla. Ya kuma ƙara tasa dabara. Duk silen da ya duba sai ya ɗiga masa jan farce da tsinken sakace, ɗigo ɗaya a gefen kunnen mutumin da ke jikin kuɗin, don in ya sake dawowa hannunsa ya gane shi. Aiki ne na wanda ba shi da wurin zuwa, amma Arlen yana alfahari da shi.

Ana nan sai bankin babban titi ya fito da doka: daga yau ba mai karɓar kwalin silalla sai mai asusun kasuwanci. Marlys ce ta gaya masa, mai karɓar kuɗi a tagar farko, wadda suke coci ɗaya tun suna da baƙin gashi.

"Kai da ire-irenka kuka jawo, Arlen," in ji ta. "Kun mayar da mu 'yan dako. Je ka koyi kamun kifi kamar sauran tsofaffi."

Ya yi dariyar yaƙe ya fita. Mako biyu teburin kicin ba komai, hannunsa har ƙaiƙayi yake.

To, Arlen ne yake kai wa Corrine cinikinta banki duk Juma'a a cikin wata shuɗiyar jaka mai zif, ya karɓo mata canji. Ita ta sa sunansa a asusun gidan burodin, wai don ya riƙa motsa ƙafa. Wata Juma'a yana tsaye a tagar Marlys da jakar a hannu, sai ya ji bakinsa yana cewa, "Af, Corrie ta ce a ƙara mata kwalin rabin dala ɗaya."

Marlys ta sauke tabarau. "Rabin dala? A gidan burodi? Wa ke karɓar canjin rabin dala a zamanin nan?"

"Yara suna so. Tana ba su ne."

Ta daɗe tana kallonsa, irin kallon nan na kifi na ganinka mai jar koma. Sannan ta rubuta. Ya fito yana gaya wa kansa cewa ai ba sata ba ce, da kuɗinsa yake biya. Amma a mota ya kasa kunna rediyo, kunnuwansa sun yi zafi.

Kwali ɗaya ya zama biyu. Da komai ya tafi lami lafiya, ba don bankin ƙetaren gada ya cire injinsa ba, ya ce shi ma ya daina karɓar silalla daga wanda ba nasa ba. Arlen ya zaga garuruwan maƙwabta, wannan ya ce sai an biya lada, wancan ya ce ɗauri biyu kacal a rana. Kwalaye suka taru a gareji a ƙarƙashin tsohon bargo, fanshonsa kaf ya zama ƙarfe. Mai hankali da nan ya tsaya. Arlen kuwa sai ya yi abin da ya sha yi wa sababbin shiga dariya a kansa. Ya sake naɗe tarkacen, ya riƙa cusa su kaɗan-kaɗan a cikin shuɗiyar jaka tare da cinikin Corrine, ya zare takardun kuɗi daidai da su, ya miƙa wa Marlys a bankin da suka fito. Marlys ta daina tsokanarsa. Takan karɓa ba ta ɗago ido ba, shi ma ba ya ɗagowa.

Ranar Juma'ar jajibirin bikin tuffa, wanda shi ne babban cinikin Corrine a shekara, ta cire atamfar aikin da take ɗaurawa a gaba don kare kayanta, ta ce, "Baba, yau tare za mu je. Canjin da nake so ya fi ƙarfin bayanka."

"Ai zan iya. Ki zauna, kina da aiki."

"Mu je, Baba."

Da suka shiga, ba Marlys a tagar farko. Wata baƙuwar yarinya ce, ta duba sunan asusun ta ce su ɗan jira. Sai ga manaja, Mista Dufek, yaron da Arlen ya yi aiki da babansa a kamfani, ya ce don Allah su shigo ofis. A kan teburinsa akwai faranti irin na alewa, cike da rabin dala. Kowane ɗaya da jan ɗigo a gefen kunne.

Arlen ya nemi kujera ya zauna tun ba a ce ya zauna ba.

"Malama Corrine, ba na son tsawaita magana," in ji manajan. "Duk kwalin da aka kawo mana, biyan motar dakon kuɗi muke yi. Duk wanda aka mayar, mu sake biya. Wata da watanni gidan burodinki yana karɓar waɗannan, kuma su ɗin dai suke dawowa ta asusunki, ga alamarsu nan. Mun biya an kawo, mun biya an kwashe. Daga sama aka ce a dakatar da ba ki canji har sai an duba lamarin. Marlys kuma an mayar da ita ɗakin baya, don ita ta riƙa sa hannu."

"Ni ban taɓa cewa a kawo mini rabin..." Corrine ta fara, sai idonta ya sauka kan jan ɗigon. Ta ɗauki ɗaya daga farantin, ta kai shi kusa da ido. Ta san wannan jan. Kwalbarsa tana nan kusa da gishiri a teburin babanta, ta sha yi masa tsiya a kanta.

Arlen ya buɗe baki. Maganar tana nan a kan harshensa, gajeriya ce ma: ni ne. Ya ga hoton 'ya'yan manajan a bango, ya ga takalmansa, maganar ta ƙi fitowa.

"Eh, namu ne," in ji Corrine. Ta mayar da silen cikin faranti a hankali. "Ni ce ban kula da asusuna ba. A yi haƙuri. A gaya wa Marlys ma ta yi haƙuri."

Da ta zage shi a gaban yaron nan da ya fi masa sauƙi. Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Mutum mai shekara saba'in da ɗoriya, 'yar da ya goya tana ɗaukar masa laifi, shi kuma yana zaune da hula a gwiwa kamar ɗan makarantar da aka kira wa uwa.

A mota ba ta tayar da injin nan take ba. Ta riƙe sitiyari da hannu biyu tana kallon gaba.

"Saura nawa a gida?"

"Corrie, ki bari in..."

"Saura nawa, Baba?"

"Kwali huɗu. Da 'yan kai."

"To. Gobe da safe ka kawo su. Ba ni da canji, kai kana da shi."

Washegari ta goge allon farashi ta sake rubutawa, komai ya koma dala cikakkiya ko dala da rabi. Ta ajiye masa kujera a bakin akwatin kuɗi, ta ɗaura masa atamfa mai hoton tuffa, ta koma wajen tanda. Kafin hantsi layi ya kai bakin titi. Duk wanda ya sayi burodin kirfa ko kek ɗin tuffa, Arlen ne zai miƙa masa canji, kuma canjin rabin dala ne mai jan ɗigo. Garin kuwa ƙarami ne, labari ya riga shi isowa.

"A'a, Arlen! Yau kai ne bankin?"

"Wannan jan fa? Kyanda kuɗin ya yi?"

"Jan farce ne," in ji wata tsohuwa daga baya. "Ashe kwalliya kake yi a ɓoye, Arlen? Nuna mana yatsun."

Wendell mai gyaran famfo, abokin farautarsa, ya karɓi nasa ya juya shi, ya sunkuyo ya rage murya. "Da gaske ne a inda kake ɗiba ka zubar? Kai da ka koya mini? Haba, dattijo." Ya girgiza kai ya wuce, ko dariya bai yi ba, kuma wannan ya fi dariyar ciwo.

Arlen ya yi ta miƙawa. Kowane sile ya san shi, ya taɓa riƙe shi a kicin, ya ɗiga masa ja da hannunsa yana jin kansa gwani. Yanzu ga su suna fita ɗaya bayan ɗaya zuwa aljihun duk wanda ya sani a duniya.

Can da rana Marlys ta shigo cikin layi. Da ta iso gabansa ya miƙe tsaye, atamfar ta kama hannun kujera.

"Marlys, ni ban san ta inda zan fara ba."

"Kada ka fara," in ji ta. "Na sani tun ranar farko, ba yarinya ba ce ni. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ba ni burodin kirfa biyu. Kuma ka riƙe canjinka, na gaji da ganinsa."

Da yamma layi ya yanke, farantan burodi duk sun zama wayam. Corrine ta fito daga wajen tanda da gari har a gira, ta jingina da teburin ciniki ta cire takalmi ɗaya tana murza ƙafa. Cinikin ya yi kyau, ya gani a fuskarta. Ya tattaro duk abin da ya wuni yana shiryawa.

"Corrie, ki saurare ni. Na ci amanarki. Kin sa sunana kusa da naki, na je na yi ƙarya da shi. Jiya kuma na bar ki kika ɗauki abin da ba naki ba, ina zaune ina kallo. Wannan ya fi komai damuna. Ranar Litinin zan je wurin yaron nan Dufek in gaya masa da bakina. Kuma na daina. Na rantse miki na daina, ko kwali ɗaya ba zan..."

Ta ɗago tana kallonsa, fuskarta ta fara saki, idanunta sun kawo ruwa. Akwatin kuɗin yana buɗe a tsakaninsu. A cikin rabin dalolin da suka rage akwai guda ɗaya a kife a gefe, ya ɗan dushe, kuma ba ja a kunnensa. Ba nasa ba ne. Wani ne ya biya da shi lokacin da ya zaga bayan gida Corrine ta riƙe masa wurin. Arlen bai san sa'ad da hannunsa ya tafi ba. Bakinsa yana kan rantsuwa, babban yatsansa ya riga ya tayar da silen a tsaye, idonsa ya sauka kan gefen.

Shirun da ya ji ne ya dawo da shi. Corrine ba fuskarsa take kallo ba, hannunsa take kallo.

"Ba azurfa ba ce, Baba," in ji ta a hankali. "Na duba maka tun ɗazu."

Ya saki silen ya faɗa cikin 'yan'uwansa. Ta mayar da takalminta, ta miƙa hannu ta bayansa ta ɗauki shuɗiyar jakar daga ƙusar da yake rataye ta, ta sa a ƙarƙashin hammata.

"Juma'a ni zan riƙa zuwa," ta ce. "Cire atamfar, in kai ka gida."