Sunan da ke Cikin Laya

A yi mini afuwa, ban taɓa rubuta labari ba, wannan ne ya ƙi barina.

Hafsatu na cikin farke layar da ke wuyan uwarta da aska, Ladan ya yi sallama ya tsaya a bakin ɗaki. Ubansa ne ya kamo Baba Ruka, uwar Hafsatu, tana yarinya, zamanin hare-hare, tun Bature bai shigo Kontagora ba. Yau kwananta biyu kwance, ba ta magana.

"Baiwa ba a gadonta, Malam," in ji Ladan ga liman. "Gonar nan ta bakin rafi tamu ce."

"An 'yanta ta a gaban alƙali," in ji Hafsatu. "Shekara talatin takardar na wuyanta."

Idon liman ya yi rauni, don haka aka turo 'yarsa Kubura, wadda kullum kanta na cikin littafi. Ta karɓi takardar, ta bi ajamin da yatsa.

"An 'yanta Fure 'yar Baƙo, mutuniyar Kumbashi."

Ladan ya yi dariya. "Fure? Wace ce kuma Fure? A kasuwa kuka sayo takardar wata?"

Hafsatu ta zuba wa Kubura ido. "Ke, duba da kyau. Ko wani ya biyo ta gidanku da safe?"

Har liman ya yi gyaran murya, ya matsa kaɗan. Kubura ta sake dubawa, baƙaƙen ba su canza ba. Da za ta ce Ruka, babu mai ganewa a ɗakin, amma bakinta ya ƙi. Sai ta durƙusa wajen kan tsohuwar.

"Fure," ta ce a hankali. "Fure 'yar Baƙo."

Tsohuwar ta buɗe ido, ta juya wajen ƙofa, ta amsa da wata 'yar siririyar murya, cikin Kambarci, yaren garinsu, kamar yarinyar da aka kira daga wasa.

"Kun dai ji," in ji liman.

Ladan ya nemi takalminsa. Kafin azahar rai ya yi halinsa.

Mata suka cika tsakar gida, kowa na tambayar wane suna za a faɗa a wajen addu'a. Kubura ta ninke takardar, ta sa a ƙarƙashin faifai kusa da Hafsatu, ta bi ta bayan rumbu ta fice.