Giwan Ruwan da Aka Yi wa Hoto

"Ka sake shi? Da hannunka, Malam, ka mayar da shi ruwa?"

"Safiya, sassauta murya mana, gidan haya muke."

"Gidan hayar ya ji! Unguwar Mu'azu ma duk ta ji!"

Ni dai ina bakin ƙofata ina tsintar wake, kuma ba ni na ce a gina ɗakina jikin nasu ba. Tsufa ya taɓa mini ido, amma kunne alhamdulillahi.

Ga yadda abin ya faro. Zakariyya'u mijin Safiya ya yi shekaru yana aikin walda a wata ƙasar Turawa, bakin teku. Mutane na dawowa da mota, shi ya dawo da wata sandar fatsa siririya mai lanƙwasa kamar tsumagiya. Wai a can, in sanyi ya shigo, kifi kan matso gaɓa inda ruwan gishirin bai da zurfi, maza su tsaya a ciki suna wurga zare. Ba tana a ƙugiyar, ba ƙullin tuwo. Gashin tsuntsu ake ɗaura mata ta yi kama da ƙwaro, wai kifi ya ruɗu. Tun da sanyin bana ya kama, Kogin Kaduna ya ja baya, kowace Asabar sai ya zura wandon roba har ƙirji ya tafi. Masunta har suna suka sa masa, Mai Bulalar Ruwa.

Ita kuwa Safiya cikin fari gare ta, ya tsufa, kuma ba abin da ranta ke so sai farfesun kifin kogi. Na ƙanƙara ko warinsa ta ji sai amai. Ta ce a sayo wurin masunta, ya ce yana raye matarsa ba za ta ci kamun wani ba. Yarinya ta yi ta jira. Yau da safe har ta jajjaga attaruhu da citta ta ajiye, don ya rantse mata yau ce ranar.

Da la'asar sai ga shi yana washe baki, hannu rabbana, ya miƙa mata waya. Na leƙa ni ma, don a samu shaida. Hoton giwan ruwa ne, jama'a, tsawon hannuna har kafaɗa, ya rungume shi kamar jaririn suna.

"Ina yake?" in ji Safiya.

Daga nan ne aka fara abin da kuka ji.

"Ki fahimce ni," ya ce, "ƙa'idar wannan kamun ke nan. Babba irin wannan ba a ɗaukarsa. Mace ce, cikinta fal ƙwai. Da na dube ta wallahi ke na tuna."

Wake ya kusa zube mini. Safiya ta dafe ƙugu.

"Ni ka tuna? To madalla. Mai cikin kogi ka tausaya wa, ta gida ta sha ruwan attaruhu."

"Iya, ki sa baki mana," ya juyo gare ni.

Na ce, "Ni me na sani, ɗan nan, ban yi boko ba. Na dai ji manya na cewa mai cikin da aka hana abin da take marmari, ɗanta kan zo yana dalalar yawu. Amma wataƙila a Turai ba haka ba ne."

Ana cikin haka Maman Favour ta ɗakin ƙarshe ta fito riƙe da zakaranta, wuyansa tas kamar an yi masa aski.

"Oga Zakari, ashe kai ne! Ni ina ta ba shi magani, na ce ciwo ne. Zakaran Kirsimeti na fa!"

"Gashi kaɗan na ara, Madam, zai tsiro."

"Ka ara? Yaushe za ka dawo da shi?"

Safiya ba ta ko yi dariya ba. Idonta ya kawo ruwa, muryarta ta yi ƙasa, ni kuwa na san in mace ta daina ihu to magana ta ƙare.

"Malam, tambaya ɗaya. Gobe in ka koma Allah ya ba ka wani, za ka kawo mini?"

Wallahi da yaron nan ya ce i, da yanzu ana dariya. Na yi masa tari, na ƙifta masa ido har ya yi mini zafi. Sai ya sosa ƙeya, ya dubi sandarsa da ke jingine.

"To... ya danganta da girmansa."

Ta shiga ɗaki ta ɗauko mayafi da 'yar jakarta, ta kinkimi kwanon jajjagenta.

"Ina za ki da yamman nan?"

"Tudun Wada, gidan Yaya Umar. Shi in ya ga kifi ya san abinci ne."

"Safiya, tsaya mu yi magana. Ƙarami ma ai yana da daɗi, in aka dace..."

Ta fice, ta maka ƙofar gidan da ƙarfi har zakaran ya ƙwace daga hannun Maman Favour.