Tulun da Luba Ta Liƙe

Shekara goma bayan zuwan Nasara, ruwa ya ɗauke a Kucheri tun gero bai fitar da kai ba, ni Luba kuwa na zama abar zagi a gari. Laifina tulu ɗaya ne. Tun kakar da ta gabata na zaɓi zangarnun gero mafiya ƙoshi, na sussuke, na gauraya da toka saboda ƙwari, na zuba a tulun, na liƙe bakinsa da laka, na binne ƙarƙashin gadona.

Yunwa ta kai mutane ga tonon gidan tururuwa. Mijina, Malam Sahabi, ya sayar da awakinmu, muka koma cin tafasa. Wani falke daga Tsafe ya ji labarin tulun, ya zo da mundayen azurfa.

Ya ce, "Inna, ba ni geron, ki ɗauki waɗannan."

Na ce, "Malam, in na shuka munduwa, me za ta tsiro?"

Sahabi ma ya roƙe ni har sau uku. Maƙwabta suka ce ba ni da imani. Na shiga ɗaki na sha kukana, amma ban taɓa tulun ba.

Da ruwan shuka ya sauka, duk gari babu mai ƙwayar iri, an cinye. Na fasa lakar a ƙofar gida, na auna wa kowane magidanci ƙoƙo guda.

Yau ku zaga gonakinmu ku tambayi sunan geron nan mai dogon kai. Ɗan Luba ake ce masa, har a bakin waɗanda suka zage ni.