Shaidar Ungozoma

Shekara talatin da huɗu bayan sojoji sun dira a unguwar bayan tasha, sun kashe na kashewa sun rushe gidaje, gwamnati ta kafa hukumar da za ta mayar wa magada filayen iyayensu. Sharaɗin shi ne mutum ya tabbatar a unguwar aka haife shi. Rajistar haihuwa kuwa ta ƙone tare da asibitin unguwar.

Lauyan magadan ne ya tuna da tsohuwar ungozomar unguwar. Ta haura tamanin, gwiwoyi sun ƙi, amma kanta garau yake. Ya fara yi mata dogon bayani a gidan 'yarta, ta ce ya bar kewaye-kewaye ya faɗi ranar ba da shaida.

Kwana tara ana ɗaukarta a kujera zuwa hawa na biyu, inda hukumar take zama. Mutum zai miƙe ya faɗi sunan mahaifiyarsa, ita kuma ta faɗi gidan, da ɗakin, da maƙwabtan hagu da dama. Wani ƙaton direba mai furfura ta ce da ƙafa ya zo duniya, ya wahalar da ita, kuma har yau bai ba ta haƙuri ba. Shugaban hukumar kansa sai da ya dara. Lauyan gwamnati ya yi ta juya mata tambaya, aka ɗauko tsohuwar taswira, aka ga ko lungu ɗaya ba ta kuskure ba.

A rana ta goma layi ya zo kan wata tela, wadda tun tana ƙarama take kiranta Iya. A makon da aka haife ta ungozomar tana tsare a hannun 'yan sanda. Kafin a shiga, telar ta durƙusa gabanta a baranda.

"Iya, ki ce ke kika karɓe ni. Wa zai sani?"

"'Yata, in aka kama ni da ƙarya ɗaya, mutum sittin da na tsaya wa sun faɗi tare da ke."

A ciki ta faɗi abin da ta sani: ta ga uwar da tsohon ciki, ta ga jaririyar tana da kwana goma sha biyu, amma ba ita ta yanke cibiya ba. Hukumar ta ce wannan bai isa ba. Telar ta fita ko sallama babu. A gida 'yar ungozomar ta yi ta mita, wai gaskiyar da ta hana marainiya gado me amfaninta. Maganar ta soki tsohuwar.

Washegari ta ce a kira mata mota. Ta tuna lokacin da take tsare wata ɗalibar jinya ce ta riƙe mata aiki, kuma ɗalibai kan rubuta duk haihuwar da suka karɓa saboda jarrabawa. Mako uku tana bin tsofaffin ma'aikatan lafiya, wannan ya tura ta wajen wancan, har ta samu matar a wani gari tana sayar da magani. Matar ta ce tana da jikoki, ba ta son abin da zai haɗa ta da gwamnati. Ungozomar ta ce ba komai, ta zauna a bencin shagon. Ta dawo washegari ta zauna. A rana ta uku matar ta fito da littafin, bangonsa duk gara ta ci, sunan mahaifiyar telar yana shafi na bakwai.

Lauyan ya ɗaukaka ƙara, suka yi nasara. Ranar da ake kafa turakun filin, telar ta zo ta tsaya kusa da kujerar tsohuwar, ta ce, "Iya, ina wuni." Ta amsa kamar jiya suka rabu. Sannan ta juya ga lauyan ta tambaye shi mutum nawa suka rage waɗanda ba su da shaida. Ya ce goma sha ɗaya. Ta ce ya kawo mata sunayen iyayensu mata ranar Litinin.