Hoton da Baba Ya Nema

Auta tana kwance rubda-ciki a jiƙaƙƙiyar ƙasar lambu, haɓarta na gogar ciyawa, bakin kyamararta ya kusa taɓa wani jan fure. Ta cikin gilashin, duniya ta tsuke ta koma ɗigon raɓa guda, yana lilo da sararin sama kife a cikinsa. Duk abin da ke bayansa ya narke, ya zama launi kawai.

"Baba, matso da laimar. Iska na kaɗa shi."

Mahaifinta ya matso yana laluben hanya da ƙafa. Shi ya dasa komai a bayan gidan nan, amma yanzu da yatsa da hanci yake bambance furanninsa. Likita bai ɓoye musu ba: kafin furannin su sake buɗewa baɗi, ɗan hasken da ya rage a idon Baba zai tafi. Shi ya sa Auta ta ajiye aikinta na ɗaukar wa masu shaguna hoton zobba da agogo, ta taho da niyyar ya ga lambunsa raɗau, ko da sau ɗaya ne.

Irin wannan hoto ba ya son numfashi. Ka gusa ko da kaurin gashi ne, abin ya dushe. Sai ta riƙe numfashi, ta jira iska ta gaji, sannan ta danna. Haka ta yi ta birgima tsakanin shuke-shuke har rana ta ɗaga, Baba na bin ta da laima yana tsokanarta wai ya haifi ƙadangaruwa.

Bayan sun ci abinci, ta haɗa kyamarar da talabijin ɗin falo, ta ja masa kujera har gwiwarsa ta kusa taɓa teburin talabijin ɗin. Fure guda ya cika allon. Ga jijiyoyinsa, ga garin rawaya manne a ƙafar ƙudan zuma, ga wasu siraran gasu da ita ma ba ta san da su ba.

"Ikon Allah! Wannan wace dabba ce?"

"Furenka ne, na bakin famfo."

"Shekara da shekaru ina ba shi ruwa, ashe gemu gare shi bai faɗa mini ba."

Suka yi dariya. Daɗi ya cika Auta. Ta riƙa wuce hotunan a hankali, shi kuwa yana kallo baki buɗe kamar mai mafarki. Can sai ya ɗaga hannu.

"Tsaya. Wancan farin abin da ke baya fa?"

Ta duba. Wata doguwar inuwa ce dishi-dishi, ba ido ba hanci.

"Kai ne, Baba. Gilashin abu ɗaya yake iya kamawa, sauran sai su dushe."

Ya daɗe yana kallon inuwar.

"To haka nake ganinki," ya ce a hankali. "Tun bara. Muryarki nake bi in san kina murmushi."

 Kunya da tausayi suka rufe Auta lokaci guda. Tun safe take rarrafe a ƙasa, bai taɓa faɗo mata a rai ba cewa ita ma ta dushe masa.

"Furanni ina iya shafa su, in sansana," in ji Baba. "Ki yi wa fuskarki abin da kika yi musu. Ta cika allon nan."

Ta kafa kyamarar a kan ƙarfenta mai ƙafa uku, ta zauna a gabanta, ta matso har gilashin ya kama idonta na dama. Ta so ta tsaya cak yadda aikin yake so, amma kafaɗunta suka ƙi. Ta goge fuska, ta sake gwadawa.

"Kada ki yi sauri," Baba ya ce, yana ƙara jan kujerarsa kusa da allon. "Yau dai ina gani."