Robar Bayan Inji

Daeng Rewa ya lakato baƙin mai da yatsa, ya shafe leɓen sabon oyil sil, robar da ke tare mai a bayan inji. Ya juya gefen mai sifirin zuwa ciki yadda ya kamata, ya ɗora guntun bututu, ya dinga ƙwanƙwasawa a hankali har ta zauna daram. Daeng Sikki na haska masa da tocila. Daeng kuwa laƙabin girmamawa ne a garinsu.

Robar ba ta fi bakin kofi ba. Amma in aka sa ta a juye, sai an sake sauke giyabos, kuma wannan ba aikin mutum ɗaya ba ne.

Shi ya sa Rewa ya kira Sikki, tsohon abokin aikinsa da ya ajiye sifana shekara uku da suka wuce. Tun da matar Rewa ta rasu, ɗansa kuma ya tafi gonar kwakwar manja a Malesiya, ba mai taya shi zama a garejin nan na birnin Makassar sai ƙadangaru. Kwana huɗu ke nan Sikki na zuwa da soyayyiyar ayaba a jarida. Yau aikin zai ƙare.

"Ɗaga mana, tsohon banza!" in ji Rewa daga ƙarƙashin motar. "Ko ƙarfin ya bi haƙoran?"

"Ni da nake ɗauke da kai da giyabos ɗin duka? Saita, Daeng, kafin bayana ya tsinke!"

Giyabos ya shige. Kafin la'asar sun ɗaure komai, suka tayar da motar. Rewa ya shimfiɗa kwali a ƙasa, suka zuba ido. Ko ɗigo.

Sikki ya wanke hannu da fetur, ya rataya hular kwano.

"To, Daeng, sai wani jiƙon."

Rewa ya dubi kofunan gahawarsu biyu a kan benci. Ya yi gyaran murya.

"Anya kuwa? Ina jin a juye na sa robar nan."

Sikki ya tsaya. Shi ya riƙe tocilar, ya ga komai. Ya kalli busasshen kwalin, ya kalli abokinsa da ke ta goge sifanar da ya riga ya goge.

"Dama na ga hannunka na rawa," in ji shi. "Gobe mu sauke. Amma gahawar yau ruwa ce zalla, ka gyara."