Ranar da Salamatu ta kira sunan ɗanta

A shekarar da ruwa ya ƙi sauka, zamanin mulkin soja, aka kawo sabon mushe, wato babban malami, lakwal ɗin garin Sarkin Hausa, makarantarmu ta boko, sunansa Ishaƙu. Mutumin kirki ne, sai dai a Yamai ya girma, kuma karatu ya cika masa kai. Yana da wasu littattafan Faransanci na auna basirar yara. Duk malamin da ya gani sai ya ce, "Fara da wannan, ka bi da wancan."

To, aka ce ya zaɓi yaro guda a tura makarantar Tasawa, inda ake ciyar da ɗalibai. Ku da ba ku ga yunwar nan ba, ba ku san nauyin maganar ba. Ya yi gwajinsa, yara biyu suka yi kunnen doki: ɗan Gado mai awon hatsi, da Hashimu, ɗan farin Salamatu. Littafin ya ce in haka ta faru a tambayi iyaye.

Gado ya yabi nasa har da rantsuwa. Salamatu kuwa mushe ya tarar tana tankaɗen dussa.

"Inna, yaya kike ganin basirar Hashimu?"

Ta kau da kai. "Wancan? Wace basira gare shi! Ci kaɗai ya iya."

Ai ko jariri a garin ya san uwa ba ta yabon ɗan fari, ko sunansa ba ta faɗi. Mushe bai sani ba. Ya zaɓi ɗan Gado.

Da labari ya iso, surukarta ta ce, "Kin kyauta, 'yar nan. Kin tsare kunya, shi kuma yaron ya ci ganye."

Salamatu ta saci kallon wuyan yaron, ya zama kamar kara.

Ranar da motar soja ta kawo dawar taimako, gari duk yana bakin lakwal. Salamatu ta ratsa maza, ta tsaya gaban mushe.

"Ƙarya na yi maka. Hashimu... Hashimu ɗana yana da kai. Abin da ya ji sau ɗaya ba ya mantawa."

Mata suka riƙe baki. Wata tsohuwa ta ce, "Innalillahi, har da sunan!"

Mushe ya dubi fuskokin mutane, sannan ya gane shi ya sa ta keta kunya a gaban jama'a. Ya sunkuyar da kai.

Gado ya yi gyaran murya. "Mushe, tura nata. Ni rumbuna da saura. Abin da ya fito da wannan baiwar Allah ba ƙarami ba ne."

Hashimu ya tafi Tasawa. Uwar ba ta raka shi mota ba, tana ƙuryar ɗaki. Ta daɗe ba ta zuwa rijiya sai ta tabbata mata sun watse.